Tulunan Oma

A duk gaɓar tafkin nan, daga gada har bakin coci, babu mutum irin Don Eleuterio Oyarzo. Shi da kansa ya faɗa mana, mu kuwa ba mu ga dalilin musu ba, domin wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a ofishin gari ba ya magana sai da hujja. A zamaninsa ko saniya za ka sayar sai ka tsaya a gabansa ka cire hula, ya dube ka ta saman tabarau, ya hura wa hatimin iska, sannan ya ce ka dawo jibi. Ranar da ya yi ritaya ya nemi a bar masa hatimin ya tafi da shi gida, wai kada ya faɗa hannun waɗanda ba su san darajarsa ba. Aka hana shi. Har gobe yana cewa daga ranar garin ya fara lalacewa.

To, babban mutum ba ya zama haka kawai. Da hatimi ya kuɓuce, sai Don Eleuterio ya yi dogon nazari, ya gano ashe shi Bajamushe ne.

Mu da muka tashi tare mun san shi gajere, mai kumatu, gashi baƙi ƙirin, irinmu sak. Mun kuma san kakarsa, Doña Rayen, 'yar ƙabilar Mafuce, mutanen asalin ƙasar nan, da ke saukowa daga tudu da kwando tana tallar merken, garin barkonon nan da ake busarwa da hayaƙi, wanda in babu shi a miya mutanenmu sai su ce an yi musu rowa. Amma mene ne sanin maƙwabta a gaban binciken masana? Wata safiya hoton Doña Rayen ya sauka daga bango ya shige aljihun tebur, wata farar mata mai murtukakkiyar fuska ta hau wurinsa. Wannan ita ce Oma, wato kaka a bakin Jamusawa. Tare da ita aka ga wasu 'yan tuluna guda biyu na tangaran, masu shuɗin fure, iri ɗaya kamar tagwaye, waɗanda ya ce a cinyarta suka ƙetaro teku. Tun daga nan yaran unguwa suka raɗa masa Jikan Oma, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, yana amsawa da ɗaga hannu.

Burinsa ɗaya ne a duniya, ya shiga kulob ɗin jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa nan tun zamanin da, gidan nan mai jan rufi da ke kallon tafki. 'Yan kulob su ke zama a sahun gaba ranar bikin girbi, ƙarƙashin rumfa, kowa da koriyar hula mai gashin tsuntsu, mu sauran bayin Allah muna bayan igiya ruwa yana dukanmu. Don Eleuterio har ya sayi hular, yana gwada ta a madubi in ya zaci labule a rufe yake. Su kuwa 'yan kulob ba sa tambayar takarda. Al'adarsu ita ce in kaka ta yi, tuffa ta fara zuba, mai neman shiga ya kira dattawansu shayin yamma, ya ajiye musu kuhen, kek ɗin tuffan nan da kowane gida ke gasawa yadda ya gada. Su ci, su yi shiru, su tafi. Harshe ne alƙali.

Kowa ya san matarsa, Señora Fresia, ta iya kuhen da in ta fito da shi daga tanda karnukan layi ke taruwa a ƙofa. Da mai ƙaramin tunani ne da ya bar mata aikin. Amma Jikan Oma ya tsaya a tsakiyar kicin ya yi jawabi.

"Frau Fresia," haka yake kiranta yanzu, yadda Jamusawa ke kiran matar aure, "ke mutuniyar kirki ce, ba na raina miki. Amma kuhen ba koyo ba ne, gado ne. A jini yake. Hannun da bai gada ba, ko ya shekara yana kwaɓa fulawa, burodi kawai zai yi."

"Tsoho, kai da ko ƙwai ba ka taɓa fasawa ba?"

"Ban fasa ba don lokaci bai yi ba."

Aka shiga shiri. Da farko ya bi gidan yana kawar da duk abin da ya kira ƙauyanci: tabarmar ulu, turmin dutse, har igiyar tafarnuwa. Da ya iso kan merken, wanda gwaggonsa Rosenda ke aiko masa daga tudu duk shekara, daka irin ta Doña Rayen, sai ya dakata. Bajamushen namu ko dankali ba ya iya haɗiyewa sai ya barbaɗa shi. Zubarwa ba za ta yiwu ba, bari a fili kuma abin kunya ne. Sai basira ta zo masa. Ya juye merken a tulun Oma guda, ya juye kirfa a ɗayan, ya jera su a kan kanta, kirfa a dama, merken a hagu. Bayan nan ya kai su falo don baƙi su gani, ya ga hasken bai yi musu ba, ya mayar da su kicin, ya sake fito da su ya goge, ya sake mayarwa. Mai tsari ba ya mantuwa, in ji shi.

Sai maganar tuffa. A bayan gidansa akwai tsohuwar bishiya mai 'yan ƙananan 'ya'ya masu tsami, irin waɗanda duk matar da ta san kanta ke nema don kuhen, suna ta zuba a ciyawa babu mai tsinta. Don Eleuterio ya dube su ya ce tuffan talakawa ne. Ya hau motar haya har birnin Osorno cikin ruwan sama, babu laima, domin jinin Jamusawa ba ya jin sanyi. Ya dawo da jajayen tuffa manya masu ƙyalli, kyawun ɗan maciji, ciki duk ruwa. Ya kuma dawo da mura wadda ta toshe masa hanci tam, ko gawayi aka ƙona a gabansa ba zai ji ba.

Ranar shayi ta zo. Ni na ara musu kujeru da kofuna, saboda haka aka ba ni izinin zama a kusurwa, wai in zama shaidar tarihi. Tun hantsi maigidan ya ɗaura farin ƙyalle a ƙugu, ya cire tabarau don Oma ba ta sa tabarau a hoto ba, ya kore mu daga kicin, ya sa sakata. Muna falo muna jin yaƙi. Kwano ya faɗi, kyanwa ta yi ƙara, ƙwai ya fashe inda ba a nufa ba. Can muka ji ya cika murhu da itace, ga waƙa yana rerawa da wani yare da ko Jamusawa ba su san shi ba.

Ba a jima ba Señora Fresia ta ɗaga hanci. Ta dube ni, na dube ta. Ta je ta ƙwanƙwasa.

"Tsoho, wane ƙamshi nake ji? Wane tulu ka buɗe?"

"Na dama, Frau Fresia. Kullum na dama."

"Ka ɗanɗana kuwa?"

"Mai ɗanɗana girki mai shakka ne. Ni ba na shakka."

"Cokali nawa ka zuba?"

"Ludayi. Oma ba ta san rowa ba. Ki janye daga ƙofa, sirrin gida ba ya fita sai ta jini."

Ta dawo ta zauna, ta gyara siket, ta ce, "Maƙwabciya, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Tashi ki cika mana tulun ruwa, babba."

Da yamma baƙi suka iso, su biyu. Doña Hilde, shugabar kulob, tsohuwa tukuf mai sanda, wadda idonta ke ganin ƙura a bayan agogo. Sai Don Ewaldo, dogo siriri, wanda aikinsa a duniya shi ne ya gyaɗa kai in ta yi magana. Aka zuba shayi. Jikan Oma ya fito da kuhen a kan faranti, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi kyau a ido. Gefe ya ɗan ƙone, tsakiya tana rawa saboda ruwan tuffan Osorno, amma saman ya yi wani ja mai ɗaukar hankali. Ya ajiye tulunan biyu a gefensa don ado, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, abin da ke gabanki ba abinci ba ne, tarihi ne. Wannan haɗi ya ƙetare teku, ya ga hadari, ya ga dusar ƙanƙara, ya kwana a zuciyar mata masu daraja, har ya iso hannuna. Ban ƙara ba, ban rage ba. Duk wanda ya sa shi a baki, zai san ni jikan wace ce."

Allah ya sa bakinsa ya faɗi gaskiya, shi bai sani ba.

Don Ewaldo ne ya fara. Ya kai loma, ya tauna, ya tsaya. Kunnuwansa suka yi ja, jan ya gangaro wuya. Mutumin da ban taɓa jin muryarsa ba ya buɗe baki ya ce, "Ruwa." Señora Fresia ta miƙa masa kofi da fara'a, dama a cike yake. Ni kuwa na cusa fuska a gyale, kafaɗuna suna rawa, ina roƙon Allah kada dariya ta kashe ni a gidan mutane.

Maigidan ya ga haka sai ya ɗauka motsuwar zuciya ce. Ya yanki babba ya antaya a baki. Mura ta hana hanci aiki, amma ba ta hana harshe ba. Idanunsa suka firfito, gumi ya karyo, hancin da ya toshe ya buɗe lokaci guda. Duk da haka namiji ne. Ya haɗiye, ya share hawaye, ya ce da wata siririyar murya, "Haka... haka ake yinsa a can ƙasar Jamusawa. Saboda sanyi."

Doña Hilde kuwa ba ta dakata ba. Tana ci. Ta cinye yankanta tas, hawaye na bin kumatunta, ta tattara ɓurɓushi da yatsa ta lashe. Sannan ta ajiye cokali.

"Wannan dakan Rayen ne."

Ta dubi maigidan, ta ci gaba.

"Hayaƙin ne ba ya ɓuya. Tun da ta rasu nake neman irinsa, duk na kasuwa ƙasa ce ja. Kowace kaka tana zuwa ƙofar kicin ɗinmu da kwandonta, mahaifiyata ba ta saye a wurin kowa sai ita. Kai ne ɗan jikan nan mai kumatu, ko? Mai rarrafe yana cin ɓawon tuffa a ƙasa? Teyo ake ce maka, na tuna. Kai, ka girma."

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma na Don Eleuterio biyo shi ya yi har cikin faranti. Sai dai wanda ya saba cewa a dawo jibi ba ya faɗuwa da wuri. Ya miƙe, ya ɗora hannu a kan tulunan.

"Ranki ya daɗe, wannan ɓangaren uwa ne, kowa yana da shi. Amma dubi waɗannan. A cinyar Oma suka ƙetaro teku."

Tsohuwar ta jawo guda, ta juya shi, ta shafa wata 'yar tsaga a gindinsa, fuskarta ta washe.

"Af, ashe nan suka zo. Ni na bayar da su gwanjon 'yan kwana-kwana bara waccan, tare da hoton wata mata da muka tsinta a soro, ba wanda ya san ta." Ta ɗaga kai ta dubi bango. "Ga ta can ma. Su kuwa tulunan, a bakin gado suke zama. Wannan na haƙoran roban marigayi mijina ne, wancan nawa. Ka dai wanke su sosai, ko?"

Don Ewaldo, wanda ya fara farfaɗowa, ya ture farantinsa a hankali. Bai gyaɗa kai ba a wannan karon.

Da za su tafi Doña Hilde ta rungume Señora Fresia, da ta ji gwaggo Rosenda ce ke aiko da merken ɗin, ta roƙi a haɗa ta da ita, ta kuma nemi a naɗe mata sauran kuhen ɗin, wai zai yi daɗi da gasasshen rago. Maigidan kuwa ta ɗan bubbuga masa kumatu, ta ce, "Ka mayar da kakarka bango, Teyo. Ta fi waccan kyau." A kan maganar kulob ba ta ce uffan ba. Da ya bi su har bakin titi yana tambayar yaushe zai ji sakamako, Don Ewaldo ya juyo, leɓunansa a kumbure, ya ce ya dawo jibi.

Ranar bikin girbi an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. A sahun gaba, ƙarƙashin rumfa, kusa da Doña Hilde, ga gwaggo Rosenda nan zaune da kwandonta a cinya, baƙuwa ta musamman, 'yan kulob suna layin saye. Jikan Oma yana bayan igiya tare da mu, koriyar hula a ka, yana bayyana wa duk mai saurare cewa shi ya ƙi shiga, domin kulob ɗin ya lalace, yanzu kowa ma ana ba shi kujera. Gashin tsuntsun ya jiƙe ya kwanto masa a kan hanci. Gwaggo ta hango shi, ta ɗaga hannu ta kira shi da ƙarfi yadda duk fili zai ji.

"Teyo, zo ka riƙe mini kwando."

Ya je.