Rasuwar 'Yar Baƙa, Askar Shitu Wanzami

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yau bai huce ba, gidan Shitu Wanzami da ke Ƙofa yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sunkuyar da kai a kan tabarmarsa, cewa askarsa da aka fi sani da 'Yar Baƙa ta rabu gida biyu da hantsin ranar Talata, bayan jinyar kwana tara. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki. Ba ta da asali, ba tambari a jikinta, ba wanda ya san ƙasar da aka ƙera ta.

Mai ita ma bai gaji wanzanci ba. Manomi ne, har ranar da ya faɗo daga kan motar masara a hanyar Doguwa, ƙugunsa ya goce, fartanya ta gagare shi, ga 'ya'ya biyar suna jiran tuwo. Da ya rataya zabira, wanzaman gado suka laƙaba masa suna Shigege, wai ya kutso sana'ar da bai gada ba. Ba wanda ya yarda ya ara masa aska, sai ya nufi tiren 'yan koli, inda ake jera masu araha domin 'yan koyo irinsa.

Ta farko da ya saya, ƙyalli ne ya rufe masa ido. A kasuwar Burumburum ta dakushe a tsakiyar kan wani makiyayi mai suna Jibrin, rabi a aske, rabi da gashi. Jibrin bai yi faɗa ba. Ya miƙe, ya kifa malafarsa, ya ce, "Na gode, Malam. Ragowar zan kai wa mai hannu." Ta biyu kuwa ƙusar ƙotarta ce ta yi lako-lako, ta goce ta yanki kunnen wani ango ana jibi ɗaurin aurensa. Sati biyu Shitu bai fito da zabira ba.

Baba Idi, tsohon wanzamin da rawar hannu ta sa ya ajiye sana'a, shi kaɗai ya tausaya masa. "Kai Shitu, da ido kake cinikin aska?" in ji shi. "Da kunne ake sayenta. Ka ɗalle ta da farce. In ta yi maka ƙara ta ja, ƙarfe ce. In ta ce ƙwal ta yi shiru, gwangwani ne aka yi wa kwalliya. Sannan ka ɗaga ta saitin rana ka duba bakinta, ka girgiza ƙotar ka ji ko tana rawa."

Ranar kasuwar Tudun Wada, Shitu ya tsuguna gaban tire ya ɗalle aska sama da talatin ɗaya bayan ɗaya, har mai kolin ya ce in waƙa ya zo ji ya tafi gidan biki. Can ƙarƙashin tarin ya zaro wata mummuna, baƙa, tsatsa ta fara cin gadon bayanta. Ya ɗalle ta. Ta ce tiiin, ta ja ƙarar kamar ba za ta daina ba. Ita ce marigayiya.

Duk wanda ya zauna a ƙarƙashinta zai shaide ta. Ba ta taɓa gajiya a tsakiyar kai ba. Ta san ƙeya mai ninki, ta san sanƙo, ta san gemun da ya yi taurin ƙaya. Da safe in Shitu yana goga ta a fata, matarsa Saude kan ji shar-shar ɗin daga madafa, ta san yau za a yi cefane. Da ita aka aurar da 'ya'ya mata biyu, aka ta da katangar da damina ta kayar. Jibrin ma ya dawo bayan shekara uku, ya cire malafa ya sunkuyar da kai, kuma bai sake kai kansa wani wuri ba. Abu ɗaya ne ta kasa yankewa: sunan Shigege. Ba a taɓa kiran Shitu askin suna a gidan da ke da wanzamin gado ba.

Sai bana da 'yarsa Bahijja ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Dangin mijinta suna da wanzaminsu tun kaka da kakanni, amma suka ce a bar wa kakan yaro ya aske jikansa. Shitu bai iya ɓoye murnarsa ba. Kullum sai ya bi bakin 'Yar Baƙa da dutse a hankali, yana ɗiga ruwa, yana gwada ta a gashin hannunsa.

Ciwon ajali ya shigo ta hannun ƙaninsa Zayyad, mutumin kirki wanda taimakonsa ya fi ɓarnar maƙiyi. Ya ga Yaya yana wahala da dutse, sai ana gobe suna ya zare askar daga zabira bai faɗa wa kowa ba, ya kai wa wani mai injin washi a bakin titi, irin masu wasa adda da gatari. Ya mayar da ita inda ya ɗauko, bakinta ya ƙone ya yi shuɗi, yana jiran a yi masa godiya.

Da safiyar suna, bayan an raɗa wa yaro Musaddiq, aka miƙo shi cikin zane. Tsakar gida cike da mata, dattawa a zaure. Shitu ya buɗe aska ya ga shuɗin, ya gane an ƙona bakin, amma ido ya yi yawa, ya kasa janyewa. Ya jiƙa kan jariri ya ɗora ta. Ta ce ƙir, ta kama gashin tana ja. Yaro ya tsala ihu, ɗan jini ya fito a saman kunnensa. Kakarsa ta wajen uba ta karɓe shi, ta ce, "A kira mana namu." Wanzamin gado dama yana zaure. Ya shigo yana gyara hula, ya gama askin kafin a sha ruwa. Shitu na tsaye jikin bango, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya dube shi. Sai Bahijja da ta leƙo ta labule ta ce, "Baba, ba komai," wannan maganar kuma ta fi masa zagi ciwo.

Kwana tara yana jinyarta. Duk inda dutse ya taɓa sai bakin ya marmashe. Ranar Talata ya ɗalle ta ko za ta amsa masa, ta ce ƙwal. Ya sake ɗora ta a dutse, ta ce ƙas.

Ta rasu ta bar zabira ɗaya, da dutsen washi da ya lotsa a tsakiya saboda ita, da fatar da ake goga ta. Ta kuma bar sababbin asake huɗu da Zayyad ya sayo don ban haƙuri, farare tas, kowace da kwalinta da rubutun zinare. An ɗalle su duka. Ba mai murya a cikinsu.

Mamman maƙeri ya nemi a ba shi gawar ya fitar da basilla, an ƙi. Ba za a yi mata salla ba tunda ƙarfe ce, amma za a naɗe ta a farin ƙyalle a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin darbejiyar da Shitu ke shimfiɗa tabarma. Za a karɓi gaisuwa a nan har kwana uku. Masu zuwa su yi askinsu a wani wuri kafin su iso, kuma ana roƙon kada kowa ya ce ai aska ce kawai. Zayyad ya nemi alfarmar haƙa ramin, an amince masa, bisa sharaɗin ya zo da fartanyarsa yadda take, kada ya biya da ita wurin washi.