Yadda Ake Ƙera Kan Jirgin Da Pak Sudarmaji Zai Yarda Da Shi

Idan kana cikin magidantan da ke ƙera 'yan ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu tururi, waɗanda ba su wuce tsawon tafin hannu ba, ka riga ka san matsalar. Sau ɗaya a shekara ƙungiyarmu ta nan garin Klaten ke shimfiɗa layin dogo a kan babban tebur, kuma babu jirgin da ke hawa sai wanda shugabanmu, Pak Sudarmaji ("Pak" a nan kamar "Malam" ne), ya tabbatar bai saɓa wa na gaske ba ko da ƙusa ɗaya. Bi matakan nan, na yi maka alkawari jirginka zai hau. Shekara uku na yi ina bin su, saboda haka gwani ne ke magana.

1. Haramta kalmar "abin wasa"

Duk wanda ya faɗe ta a gidanka, gyara masa zance: tarihi kake adanawa. Matata Lastri ta saurari wannan bayani har ƙarshe, sannan ta ce mini, "To, Pak, tarihin zai sauka daga teburin cin abinci, ko mu ci gaba da ci a tabarma?" Zaɓi tabarma. Tana gyara baya.

2. Je ka auno na gaske

Ni na zaɓi Lamba Bakwai, tsohon kan jirgin da ke jan rake zuwa wata masana'antar sukari da aka rufe. Yana nan a ƙarƙashin bishiya, awaki na kwana a inuwarsa. Ba wa mai gadin wurin sigari, ka shiga da tef ɗin awo. Ƙirga ƙusoshin jikin tukunyar, za ka samu ɗari huɗu da sha biyu. Sake ƙirgawa, za ka samu ɗari huɗu da tara. Kada ka yi na uku. A nan mutane ke fara magana su kaɗai.

3. Koyi jin maganar shugaba

Pak Sudarmaji tsohon likitan haƙori ne, kuma da ɗan madubin nan nasa yake leƙa ƙarƙashin jirage. Tunda aka haife shi bai taɓa ce wa mutum a'a ba. In ya ce, "Ya yi kyau, Mas," wato ɗan'uwa, kwashe kayanka. In ya ce, "Kai, an sha aiki," kwashe kayanka da sauri. Abin da kake nema shi ne shiru. Shekarar farko na samu "ya yi kyau", ta biyu "an sha aiki". Ci gaba ke nan, in ka kalle shi ta wani gefen.

4. Nemo shaida mai rai

Zanen takarda kowa na da shi. Kai nemo direban. Nawa shi ne Mbah Karsodi, wato Kaka Karsodi, ɗan shekara tamanin da bakwai, wanda ya tuƙa Lamba Bakwai har aka rufe masana'antar. Kai masa sukari da ganyen shayi, zauna ƙasa da shi, ka miƙa jirgin da hannu biyu.

Ya juya shi, ya shinshina. "Wannan ɗan gayun fa? Nawa bai taɓa wanka ba. Ina butar shayina da ke rataye a ƙofa? Ina rogon da muke gasawa a kan tukunya?"

"Za a saka, Mbah."

"Ina lotsewar da ɓaunar noma ta yi masa a gefen hagu?"

"Ban ga lotsewa a jikin na gasken ba, Mbah."

"Sun cike ta da siminti sun shafa fenti, 'yan ofis. Ni ina ciki aka yi."

Rubuta komai. Yanzu ka san abin da shugaba bai sani ba, kuma babu abin da ya kai wannan daɗi a duniya.

5. Ɗauki guduma

Buta da rogo aikin sati ne. Lotsewa kuwa, dole ka buga tagullar jikin jirgin da ka shekara uku kana gogewa. Lastri ta tsaya a kaina ta ce, "Pak, in hannunka na rawa, ba ni. Na daɗe ina so." Kada ka bayar. Bugu ɗaya, a hagu.

6. Zo da tsohon ranar baje koli

Nan dabarar take, domin Pak Sudarmaji ba zai iya musa wa wanda ya girme shi a gaban jama'a ba. Na zaunar da Mbah Karsodi a gaba, na cika masa faranti da soyayyiyar ayaba. Shugaba ya saka madubinsa, ya leƙa butar, ya shafa lotsewar. Ya yi shiru. Shiru na gaske. Sannan ya ɗauki jirgin da kansa ya nufi layin dogo.

Mbah ya haɗiye ayabarsa ya ce, "Wallahi kamar jiya. Ɓaunar ma ba ta ƙara noma ba." Ya ƙura wa lambar ido. "Tsaya. Bakwai? A'a, Lamba Tara ɓauna ta buga. Bakwai ko kaza bai taɓa takawa ba."

Pak Sudarmaji ya dawo, ya miƙa mini jirgin da hannu biyu.

"Kai, Mas," ya ce, "an sha aiki ƙwarai da gaske."

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da alhakin abin da tsofaffi za su tuna, ko lokacin da za su tuna shi. Duk wanda ya ɗaga guduma, hannunsa ne ya ɗaga. Tagullar da ta lotse ba ta komawa daidai. Na tambayi masu gyaran jikin mota uku. Kuma kada ka yi tunanin goge Bakwai ka rubuta Tara. Tara ƙafa shida gare shi, naka takwas, kuma Pak Sudarmaji ya iya ƙirga.