Ranar da Jirgin Agege Ya Tafi da Inna da Butata

Ku matso kusa, ku rage murya, don in Inna Tani ta ji ina ba da labarin nan za ta ƙwace shi daga bakina, kuma nata ya fi nawa gishiri. Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi koya wa jirgin ƙasan Legas ladabin tashar garinmu Dutsi ba.

Ni dai mutuniyar gida ce. Duniyata daga bakin murhu zuwa kasuwa, in ta yi faɗi ƙwarai a je biki Tibiri a dawo kafin magariba. Lakkol kuwa, wato makarantar boko, na leƙa ta, ta leƙa ni, muka rabu lafiya ba wanda ya cuci wani. Amma akwai ilimin da nake taƙama da shi, wato ilimin tasha. A tasharmu in ka aje buta ko ɗankwali bisa kujera, wuri ya zama naka, ko alƙali bai isa ya tashe ka ba. Sai ka tafi ka yi salla, ka ci shinkafa da wake, ka leƙa ta'aziyya in akwai. Mota ba ta tashi sai ta cika. In ta cika sai an nemo direba. In an samo direba sai an tura. Ko ta tashi babu kai, wani zai bubbuga ƙarfe ya ce, "Akwai mutum!" ta tsaya cak.

Jirgin ƙasa ma ina ganin na san shi. Sau ɗaya da na je Yamai na ga dogon jirgin nan da aka shimfiɗa gefen gudron, wato kwalta, daga Dosso, awaki kwance bisansa suna tuƙa. Na tambayi aparanti, wato yaron motarmu, ina jirgin yake, ya ce, "Ai bai cika ba tukuna, Iya." Mota ta ɗauki dariya, ni kuwa na ɗauki darasi: duk cikin abin hawa babu mai haƙuri kamar jirgin ƙasa.

To, Inna Tani yayar mahaifiyata ce, ita ta raine ni tun ina rarrafe. Yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai ba ta bambanta mutum da turmi sai ya yi magana. Ƙanena Mamman, mai sayar da albasa a Agege ta Legas, ya ce a kawo ta, ya san wani lokotoro, wato likitan ido, a unguwar Yaba. Aka duba dangi kaf aka rasa wadda ta fi ni wayewa (ku auna sauran), aka haɗa ni da ita.

Da muka isa Legas, zuwanmu na farko wurin lokotoro a motar haya muka je, muka kwana muka tashi cikin cunkoso ba tare da dare ya yi ba. Aka duba Inna, aka ba mu randebu, wato ranar da za mu dawo a yi mata aiki. Ranar randebun sai ga motar albasar Mamman ta iso da asuba, ba halin ya bar ta. Ya ce jirgi za mu shiga, shi ba ruwansa da cunkoso. Ya raka mu tasha, ya yanka mana kati, ya tsaya yana ta nanata magana kamar mai aurar da ɗiya.

"Yaya, ki saurare ni da kyau. Daga nan Ikeja, sai Oshodi, sai Mushin, sannan Yaba. Kada ƙafarki ta taɓa ƙasa sai kin ji an ce Yaba. Abokina Idi na can bakin ƙofa shina jiranku. Kuma jirgin ga ba shi jira."

Na ce, "Mamman, ni na goye ka. Ranar da na fara shiga mota ko wando ba ka da shi."

Ya ƙyale ni, ya koma wurin albasarsa. (Da ya sani da ya ci gaba da nanatawa.)

Jirgi ya iso, ƙofofi suka buɗe da kansu kamar gidan iskoki. Ciki sanyi, fes, ko kaza ɗaya babu. Na yi sallama da ƙarfi, ba wanda ya amsa. Kowa ya sunkuyar da kai bisa wayar salula, fuska a ɗaure kamar an yi rabon gado ba a ba shi ba. Ma'aikata ne, haka suke yi kullum, da safe jirgi ya kwaso su daga bayan gari ya zube su cikin birni, da marece ya mayar. Allah ya taimake mu muka sami kujeru biyu kusa da ƙofa. Na zaunar da Inna, na ɗora mata jakata bisa cinya, salulata a ciki, ni kuma na riƙe butata, wadda ba na rabuwa da ita ko gidan maƙwabta za ni.

Muka wuce Ikeja lafiya. Har na fara tsara yadda zan ba da labari a gida.

A Oshodi ne Shaiɗan ya samu wurin zama. Jirgi na tsayawa, cikin masu sauka na hango wata dattijuwa, kumatunta ɗauke da zanen mutanenmu Arawa, daga gefen baki har kunne. Jama'a, a tsakiyar Legas! Ku faɗa mini, wace ɗiyar kirki ce za ta ga wannan zane ta wuce ba gaisuwa? Na dangwara buta bisa kujerata na ce, "Inna, riƙe mini wuri. Kada ki motsa, kada ki bari kowa ya zamna." Na yi tsalle na dira.

"Baiwar Allah, daga ina cikin Arewa?"

Ta juyo, ido ya cika da murna. "Garin Ɗan Kassari! Ke fa?"

"Dutsi! Ina kwana? Ina gajiya? Ina gida? Ina yara?"

Tana amsawa tana nuna bayana da hannu, ni kuwa na ɗauka irin gaisuwar Legas ce. Na ji wani abu na kuka tii, tii, tii, na ce a raina ko salular wani ce. Ban ko kai ga tambayar damana ba, na waiwaya na ga ƙofa ta haɗe bakinta. Ta cikin gilashi ga Inna zaune, hannunta bisa butata. Jirgi ya fara sulalewa.

Ban tsorata nan take ba, ai na san dokar. Na matsa na bubbuga jikinsa da tafin hannu, na ce, "Akwai mutum!" Bai ji ba. Na ƙara murya, "Direba! Akwai mutum!" Ya ƙara gudu. Nan fa na tattare zani na bi shi. Ni da ko akuyata ta tsinke sai na aiki yara, ga ni ina tsere da jirgin ƙasa, takalmi ɗaya ya yi gabas, kallabi ya yi yamma, ina kiran aparantin da babu shi. Da dakalin tashar ya ƙare, wani ma'aikaci ya tare ni da hannu biyu kamar mai tare saniya. Na zube nan na ɗora hannu a ka na kurma ihu irin na gidan mutuwa.

Mutanen nan da ba su amsa sallama ba, sai ga shi duk sun sami lokacina. Salula ta ko'ina, kowa na ɗaukar hoto.

Dariya ce yanzu, amma a lokacin ba abin dariya ba ne. Tsohuwa ba ido, ba ta jin ko kalma ɗaya in ba Hausa ba, ba ta san Idi ba, Idi bai san ta ba sai tare da ni. Lambar Mamman na cikin salula, salula na cikin jaka, jaka na cikin jirgi. In ta laluba ta sauka ta faɗa ramin da ke tsakanin jirgi da dakali fa? Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki, na zo na sayar da ita a kan "ina gajiya". Da wane baki zan koma Dutsi?

Dattijuwar nan, Hajiya Baraka sunanta, ta iso tana haki, takalmina a hannunta.

"Ke, tashi, kina ba Arewa kunya. Jirgin ga ba Makka za shi ba. Akuya ce ɗaure ga turke, iyakar igiyarsa Oyingbo, ya juyo."

Ta juya ta yi wa ma'aikacin Yarabanci kamar ana zuba tsakuwa cikin kwano. Ya yi magana cikin wata ƴar rediyo, ya saurara, ya ce mu hau gada mu koma ɗaya gefen mu jira. Ko an ga Inna, ko ba a gan ta ba, bai ce ba.

Hajiya ta bar harkar da ta fito yi ta zauna da ni. Don ta ɗauke mini hankali ta shiga ba ni tarihi: wai dogon nan tun na Turawa ne, shi ya miƙe har Kano, kuma tsohon jirgin da ta tarar a nan mutane har bisa rufinsa suke hawa, wasu na reto a ƙofa kamar jemagu. Na ce cikin shessheƙa, "Shi dai yana jiran mutane ko?" Ta ce, "Shi ma ba shi tsayawa don kowa, sai in ya mutu."

Na yi alkawarin sadaka iri-iri a zaman nan, har da akuyar da ba tawa ba.

Can sai ga shi ya dawo, ko kunya babu. Ƙofofi suka buɗe, muka kutsa, ina leƙa fuskoki. Kafin in gan ta na ji muryarta.

"Na ce maka da mutum! Kurma ne kai?"

Ga Inna daram inda na bar ta, jaka bisa cinya, hannu bisa buta. Gefenta wani ƙato cikin kwat da jakar ofis yana tsaye, ga kujera babu kowa sai buta, ya rasa yadda zai yi. Wata ma'aikaciya na tsaye kusa, tana danne dariya. Ashe a Oyingbo sun yi sun yi ta sauka, ta ƙi. Wanda ya kai hannu ga butar ta make shi. Da saƙo ya iso musu sai suka ƙyale ta ta juyo.

Na faɗa jikinta ina kuka. Ta shafa fuskata ta ce, "Ke ɗiyar nan, gaisuwar ce har yanzu? Na ce musu tana nan, in ta kama gaisuwa ba ta saki. Ga wurinki, zamna. Mutanen garin ga ba su da ladabi, kowa sai ya taɓa butar mutane."

Ko sanin an bar ni a baya ba ta yi ba. Na ɗauke buta na zauna, jirgi ya mayar da mu Agege, inda muka fito. Randebu ya wuce, Idi ya bushe a Yaba, Mamman ya dube ni ya ce, "Yaya, yau ina da wando." Kafin la'asar bidiyona ya riga ni isa Dutsi.

Lokotoro ya yi mana alheri ya sake ba da wata rana, wannan karon Mamman ya rufe rumfarsa ya kai ta da kansa. Aiki ya yi kyau. Ranar da aka kwance mata ido muka kewaye ta, kowa na jiran ya ji wa za ta fara nema. Ta ce a miƙo mata salula, tana son ganin abin da ake ta dariya. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a mayar da shi farko. Sannan ta ɗago sababbin idanunta ta dube ni ta ce, "Ashe haka kinka tsufa. Kuma gudu bai karɓe ki ba."

Abin da na koya shi ne, dokar tasharmu tana aiki har a Legas, in dai ka bar Inna Tani ta tsare ta. Jirgin ne kawai ba a sanar da shi ba. Yanzu ko jikana na hango ta tagar abin hawa, hannu nake ɗaga masa. Amma ku faɗa mini tsakaninku da Allah, da ku ne kuka ga zanen gida a tsakiyar Oshodi, wucewa za ku yi ba ko "ina kwana"?