Ranar da na kai ƙarar mai gyara mini katanga

Ba zan taɓa mantawa da gabanin daminar bara ba, lokacin da Baba Ari ya fara tono a gindin katangarmu.

Gidanmu na kan gangare ne a nan Damagaram, na Baba Ari kuma yana ƙasa da namu. Katangar laka da ke tsakaninmu, wadda mahaifina ya gina kan harsashen dutse, ita ke tare ƙasar tsakar gidana. Ta wajena iyakarta kafaɗa, ta wajensa sai ka ɗaga kai. In ta faɗi, madafar matata da rabin tsakar gidana sun koma wurinsa ke nan.

Ni tela ne, kuma mutum ne mai waswasi. (Nakan kulle shago, in kai bakin titi, in dawo in ja kwaɗon.) To, wata safiya ina shan koko sai na ji kaf! kaf! ta bayan katanga. Na leƙa, na ga Baba Ari da diga da felu, rami har gwiwa, daf da harsashe. Na yi maza na duƙe na yi istigfari, don leƙen gidan maƙwabci ba kyau. Bayan ɗan lokaci na sake leƙawa.

"Malam, ka zagaya ka tambaye shi mana," in ji matata Hajara.

"In ce masa me? Dattijon da ya raɗa wa 'yarmu suna? Ai kamar na ce ban yarda da shi ba ne."

"To ka yarda da shi?"

Na ce ta miƙo mini ƙosai.

Kwana uku na yi ina tsaron katanga. Na samo wata tsaga kamar zare, na zana mata allin ɗinki, ina auna ta da mitar awon kaya safe da yamma. Na jawo azara biyu na tokare katangar ta wajena. Hajara ta tsaya ta kalle su, ta ce, "Malam, in za ta faɗi, ba can za ta nufa ba?" Gaskiyarta, amma ban cire su ba. A shago kuwa na ɗinka wa wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kullum muna haɗuwa da Baba Ari a masallaci, in gaishe shi, in tambayi iyali da awaki da zafi, ban da rami.

Ran na huɗu hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Na ce ba zan jira na biyu ba. Bayan la'asar na tafi ƙofar gidan mai unguwa, da niyyar neman shawara kawai.

"Ranka ya daɗe, tambaya ce, ba ƙara ba. A ce wani mutum yana da maƙwabci..."

"Ari ne?"

"Ban faɗi suna ba, ranka ya daɗe."

"Maƙwabcinka na ɗaya ɓangaren masallaci ne. Tashi mu je."

Dattawa biyu da ke zaune kan tabarma su ma suka ɗauki takalma. Mai shayi ya bar tukunya ya biyo mu. Kafin mu isa mun kai mu takwas, ni a tsakiya kamar ango.

Baba Ari ya fito daga rami, laka har gemu, ya gaisa da kowa. Mai unguwa ya ce, "Tela na tsoron za ka kayar masa da katanga."

Tsohon ya dube ni, ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, da an bar maganar nan."

Kaucewarsa ce ta ba ni ƙarfi, har na ji bakina yana cewa, "A'a Baba, a faɗa gaban jama'a, gaskiya ba ta tsoron rana." (Da ƙasa ta tsage ta haɗiye ni a nan, da na huta.)

Ya ce to. Ya kama hannun mai unguwa ya ɗora a gindin katangar. Wata da watanni ruwan sama bai sauka ba, amma lakar jiƙe take sharkaf, duwatsun harsashe biyu har sun zame. Ya ce ba kayarwa yake ba, tallafa mata yake. Ba a tone gindin katanga gaba ɗaya. Kamu biyu yake tonawa, ya cika da dutse da siminti, ya bari ya kama, sannan ya matsa gaba.

"To ruwan daga ina?" in ji mai unguwa.

"Sau biyar a rana yake zuwa, ranka ya daɗe. Da shi nake sanin lokacin salla."

Aka juyo aka dube ni. Daidai saman wurin, ta wajena, akwai dutsen da nake zama in yi alwala shekara da shekaru. Ni kuwa buta ɗaya ba ta isa ta. In na kai ƙafa sai in yi shakkar ko na shafi kai, in sake daga farko. Ranar da abin ya motsa, rabin bido, jarkar ruwa ke nan, nake ƙararwa.

Mai shayi ya ce, "Kai tela! Muna bin 'yan ga-ruwa da roƙo, kai kana shayar da katanga?"

Sai ga muryar Hajara ta saman katanga: "Buta huɗu jiya da azahar, ranka ya daɗe!"

Dariyar da aka yi har awakin Baba Ari suka firgita. Mai unguwa ya share hawaye ya tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tuntuni.

"Ina zan ce wa mutum ya rage alwala? Na ga gara in gyara shiru. Ɗan aminina ne."

Na durƙusa cikin lakar da ni na kwaɓa ta, na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, ɗana. Gobe ka zo da buruweti, bayana ya gaji."

Mako biyu muka yi muna aikin tare, shi yana jera dutse ni ina turo masa a buruwetin, wato baro. Damina ta sauka da ƙarfi, katanga ko gezau. Wurin alwala na mai da shi gindin wani ɗan lemun tsami a tsakiyar gida. Waswasin bai bar ni ba, amma lemun ya yi 'ya'ya har muna aika wa gidan Baba Ari.

Abin da na koya shi ne, in ka ga maƙwabci na tono kusa da kai, yi sallama ka tambaye shi. Kunyar tambaya tsakanin mutum biyu take ƙarewa. Wadda na ɗauko garin guje mata kuwa, har yau in na wuce wurin mai shayi sai ya ɗaga murya: "Tela, yau buta nawa?"