Godiyar da Na Yi a Tsakiyar Waƙar 'Yan Birki

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kafanchan ba, a farkon shekarun casa'in, ranar da muryata ta shiga kaset babu wanda ya gayyace ta.

Lokacin ina ɗinki kusa da kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Maƙwabcina Emeka, ɗan wani direban jirgi, shi da abokinsa Bulus mutumin Fadan Kagoma da wasu biyu, suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna 'Yan Birki. Kiɗan ba na biki ba ne, ba kuma na coci ba. Jita ce mai ƙara kamar ana yanka kwanon rufi da zarto, ga ganguna, ga ihu a kan zaman banza da jirgin da ya daina zuwa a kan lokaci. Ba sa manna takarda a bango, ba sa zuwa gidan rediyo, ba sa yarda a sha giya inda suke wasa. Baki da baki ake sanar da mutane.

Iyayensu dattawan coci ne, sun ɗauka waƙoƙin yabo yaran suke koyo. Wata rana Emeka ya ga ina rubuta awon riga da ajami, ya ce, "Malam, wannan rubutu, Papa zai iya karanta?" Na ce ko da tabarau biyu. Daga ranar na zama mai ajiye musu baitoci. (Su ma ba sa iya karantawa, sai sun zo shago na karanta musu.) Mai tambayar me ya kai malami cikin makaɗa, haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma babu batsa ko ɗaya a ciki. Abin da na ɓoye shi ne ban taɓa zama na saurare su ba. Amma a bakin shago cewa nake babu wanda ya san waƙoƙinsu kamar ni.

Ranar Asabar ɗin, don su ɗauki wasansu a kaset, suka aro na'urar ɗaukar sauti daga wani mutum a Gwantu, da sharaɗin ta koma a motar yamma. Kaset ɗaya suke da shi, babu damar maimaici. Bulus ya ce, "Malam, kai ne babba. In waƙa na ƙarshe ya ƙare, ka yi mana godiya."

Bayan la'asar na sa babbar rigata, na nufi tsohon siton da suke taruwa, jawabina na ajami a aljihu. Wurin ya cika da samari da 'yan mata, Kirista da Musulmi, kowa na gumi. Na daure har waƙar ƙarshe. Ƙara ta hau, ta ƙara hawa, haƙorana na rawa, sai ɗif, komai ya tsaya.

Babu wanda ya tafa. Na ce a raina, yaran zamani ba su da ladabi. Na miƙe a tsanake, na gyara riga, na je gaban makirufo, na yi gyaran murya.

"Assalamu alaikum, salama a gare ku. Da farko muna gode wa Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan taro..."

Na ga Bulus, mai kaɗa ganguna, da sanduna a sama, idanu waje. Emeka ya matso da baki, "Malam, waƙa bai ƙare ba." Na ji shi sarai, amma bakina ya riga ya kama hanya. Ina cewa "lafiya" ganguna suka faɗo a bayana kamar tarago ya kuɓuce. Takarda ta tashi, hula ta bi ta, na kurma "Subhanallahi" a cikin makirufo, na koma mazaunina a duƙe ina taka gefen rigata.

Da aka gama na je ba da haƙuri, don na san na ɓata musu kaset ɗinsu ɗaya tilo. Bulus ya ce, "Malam, kana tsammani me ya sa ana kiranmu 'Yan Birki?" (Ni na ɗauka don aikin jirgi na baban Emeka ne.) Ashe a waƙar ƙarshe ta kowane wasa sukan tsaya cak, su ƙirga takwas a zuci, sannan su dawo. Duk wanda ke siton ya sani, ban da masanin waƙoƙinsu.

Aka mayar da kaset baya, muka saurara. Da aka zo kan salatina, Emeka ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce, "A bar shi. Ya fi da daɗi."

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, aiki da aure suka raba su, amma kaset ɗin ya yi ta yawo, wannan ya kwafa ya ba wancan. Samarin da suka kafa nasu ƙungiyoyin suka ɗauki salon, har da tsayar da mutum ya yi godiya a cikin shirun. "Sa Malam" suke kiran abin. Bayan shekaru, a motar Kauru, direba ya kunna shi, ya ce wa fasinjoji, "Ku ji wannan baba. An ce wata uku ya yi yana koyon wannan firgita." Na ja hula na rufe goshi, na ce lallai ya ƙware.

Har yau, ko a wurin suna aka yi shiru aka dube ni, sai na ƙirga takwas, na waiga bayana, sannan na buɗe baki.