Randar Yabawa

"Lafiya lau, maigida. Yau ma hannu rabbana ka zo wa amaryarka?"

Zubair, jikan Yabawa, ya ce da amalanke ya zo. Tun da ya sayo mata firigo, injin sanyaya ruwa, daga Damagaram ya yi alkawarin fitar da tsohuwar randarta, ya kai wa awaki su riƙa sha a ciki. Yau ce ranar.

Da randar nan aka kawo Yabawa Gure daga Bune tana amarya. Gindinta na binne cikin jiƙaƙƙen rairayi, ruwanta na ƙamshin jema.

"Ke da randar duk kun tsufa," in ji shi. "Ita dai ta fi ki, bakinta bai zube ba."

"Ita ta san ka tun kana yawo ba wando. Sau biyu na zaro ka daga cikinta ta ƙafa."

Ta ce a zamanin kakansa, mijinta na gaskiya, tabarma da inuwar zaure sun ishi mutum a bazara. Da la'asar iska kan taso daga kwarin dabino, har ya ce ta miƙo masa mayafi. Yanzu bango ma zazzaɓi yake yi.

Zubair ya share gumi, ya ce bari ya sha ruwan zamani kafin aiki. Ya buɗe firigo. Zannuwa ne a ciki, a ninke, da kwalbar turare inda ake jera ƙwai.

"Wannan fa?"

"Akwatin da ka sayo mini. Gara ba ta shiga, ɓera ba ya shiga. Allah ya yi maka albarka."

Ta yi masa bayani a natse. Da zafi ya tsananta ta ƙara fanka ta biyu. In ta kunna su tare da firigo, kontar gidan, wato mitar lantarki, sai ta katse wuta. Dole ɗaya ya haƙura, ita kuwa tana da mai ba ta ruwan sanyi tun kafin a haifi ubansa.

Ya ɗauki moɗa ya ɗebi ruwan randar ya sha. Ya ƙara. A ta uku ya lumshe ido.

"Rage wa awakin mana," in ji Yabawa.

Ya yi dariya, ya durƙusa ya taɓa rairayin gindin randar.

"Wannan ya daɗe, ya fara tsami."

Ya juya amalanken, ya nufi tudun bayan gari ɗebo sabo.