Yadda Na Rushe Shafin Baffa

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na ƙaddamar da sabon shafin Baffa a Kebbe.

Baffa wan mahaifina ne, malami ne a Tambuwal, gidanmu kuwa na karatu ne tun kaka da kakanni. Ni kaɗai na karkace na karanto kwamfuta a Sakkwato, abin da Baffa ke kira danne-danne. Burina a lokacin bai wuce ya dube ni wata rana ya ce wannan ma aiki ne ba.

Yana da shafi a intanet da wani ɗalibinsa ya haɗa masa kafin ya tafi ƙaro karatu, ana ɗora wa'azinsa mutane su saurara a waya. Shafin nan muni gare shi ba kaɗan ba. Kore ne shar, rubutu ya hau kan rubutu, hoton Baffa an miƙar da shi har rawanin ya fi fuskar tsawo. Amma yana aiki. Har can ƙauyukan Kebbe, inda sai an hau tudu ake samun sabis, yana buɗewa.

Da aka damƙa mini kula da shi, matsala ɗaya na tarar: sabon karatu yakan maƙale a can ƙasa, sai an yi ta nema. Gyaran yini guda ne, kuma na sani. Duk da haka na zauna ina muhawara da kaina, in toshe wannan kafar ko in rushe in ɗauko daga tushe? In na yi gyara, wa zai san na yi? In na gina sabo, sunana zai fito a ƙasa da manyan baƙaƙe. (Kun dai ga inda awon ya rinjaya.)

Na sami Baffa a zaure.

"Baffa, shafin ga ya tsufa. So nika yi in rushe shi in gina sabo."

"Faɗuwa yay yi?"

"A'a, yoyo dai shika yi."

"To in ɗaki na yoyo, ba yaɓe aka yi mai ba?"

Na zuba masa dogon bayani, rabinsa Turanci. Ya ce, "Kai kas sani," ya mayar da ido kan littafinsa. Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin izini.

Sabon ya fito fes. Har na ƙara masa wata dabara: da an buɗe shi, abin da aka ɗora na ƙarshe zai fara magana da kansa, ba sai an danna komai ba. Don in gwada dabarar ina buƙatar murya. A duk gidanmu kuwa babu wanda ya kai ni iya kwaikwayon Baffa (baiwa ce da nake ɓoyewa saboda ina son lafiyata). Na rufe ƙofa, na ɗauki muryata, na ɗora, na ga ya yi aiki, na ce anjima zan goge.

Sai ga walimar saukar karatu a Kebbe, a ƙofar gidan Alhaji Bube, babban mai sayen hatsi wanda duk zuwansa Tambuwal ba ya fashin karatun Baffa. Na roƙa a ba ni ɗan lokaci in nuna wa jama'a ci gaba. Da safen ranar na rufe tsohon shafin da hannuna, ko tausayinsa ban ji ba.

An cika tabarmi maƙil, malamai a gaba, Alhaji Bube a gefen Baffa da carbi a hannu, kansa a sunkuye. Na miƙe cikin sabuwar shadda, na yi jawabi kan zamani, na buɗe shafin na kara wayar a bakin lasifika. Sabis ya ja, abin ya yi ta juyawa. Can sai aka ji gyaran murya, irin na Baffa sak.

"To, jama'a, a gyara zama. Alhaji Bube, ina ganinka. Wanga ba zikiri na ba, kwana na. Tun da munka buɗe da addu'a kaka gyangyaɗi."

Alhaji Bube ya zabura har carbin ya faɗi.

"Wallahi ban kwana ba, Malam. Ina saurare."

Yana faɗa yana duban Baffa, wanda bakinsa ke rufe gam. Ni kuma ina ta danna wayar don in kashe, a lokacin na tuna ban gama haɗa wurin tsayarwa ba. Lasifikar ta ci gaba, wannan karon da ainihin muryata:

"Gwaji, gwaji. Inna, in an kwashe tuwo a aje min ƙanzo."

Malamai suka shiga cusa baki cikin rawani, kafaɗu na rawa. Wani dattijo daga Fakku ya tashi ya zaga bayan bishiya, muna jiyo dariyarsa. Baffa ya ɗago ya dube ni a tsanake.

"Wa na wanga?"

"Gwaji na, Baffa."

Kunya ta sa ban san yadda na zauna ba, shinkafar walimar ma ban iya taɓa ta ba.

A mota ramukan hanya suka yi ta wurgi da mu. Mun kusa gida Baffa ya ce, "Tsohon ana iya tada shi?"

"Ana iyawa, Baffa."

"Tada shi yau. Gobe kuma ka koma Kebbe ka ba Alhaji haƙuri."

Na ce to. Ya juya yana kallon gonaki ta taga, can ya ƙara da cewa, "Amma kwanan, shina yi. Na daɗe ina neman wanda zai faɗa mai."

Iyakar yabon da aikina ya taɓa samu daga bakinsa ke nan, kuma ba a kan kwamfuta aka yi shi ba.

Abin da na koya dai, kafin ka rushe abin da ke aiki, ka tambayi kanka ko shi ne ya tsufa, ko kai ne kake so a gan ka. In kuwa ka nace sai ka gina sabo, to ka yi gwajin da muryar da Allah ya ba ka.